Daddawa a Kan Tumatir

Shekara guda bayan an ba mu jiha, albasata ta ruɓe a Aliero, na dawo Jega ba abin yi. Zama ba ya karɓata. In fita da safe in zaga tasha, in zaga kasuwa, in dawo gida, in sake fita. A wannan yawon na ji cewa wani Bature ɗan Italiya, mai duba aikin hanya wajen Maiyama, yana neman kuku. Na taɓa aikin girki a gidan abinci, don haka na je.

Yini ɗaya aka ba ni na gwaji. In na faɗi, akwai wani mutumin Birnin Kebbi da zai zo washegari.

Baturen ba ya jin Hausa sai kalma biyar ko shida. Direbansa, wani dattijo mai yawan ba'a, shi ne tafinta. Abin da yake so da rana shi ne kwaɗon tumatir irin na garinsu, wanda ba ya ganin wuta. Ya lissafa da yatsu: tumatir nunanne, albasa kaɗan, gishiri, man zaitun da ya zo da shi a kwalba. A yatsa na biyar sai ya yi Hausa da kansa. Ya ce, "Dodoya." Ya wuce mota.

Na tare direban. "Baba, mi yac ce?"

"Daddawa yac ce. Kunnen nan naka na ado ne?"

"Daddawa bisa ɗanyen tumatir?"

"Bature ne hwa, ɗana. Wanda ka cin ruɓaɓɓen cuku, daddawa za ta ba shi tsoro?"

Suka tafi.

Lokacin tumatirin fadama ne. Na zaɓi jajaye masu ƙarfi, na wanke, na ware guda huɗu gefe, domin ban taɓa ƙarar da kayan girki a zubi ɗaya ba. Da farko na yanka tumatirin, na barbaɗa gishiri, na bar shi ya saki ruwa. Sannan albasa, sirara, na jiƙa ta don yajinta ya ragu. Mai a ƙarshe. Saura daddawa.

Sau uku ina ɗaukarta ina ajiyewa. Na fita ƙofa na duba hanya, na dawo, na sake fita. Hancina yana cewa a'a. Amma ni mutum ne mai bin umarni yadda aka ba da shi. Na daka, na barbaɗa, na rufe kwano.

Da azahar suka dawo. Baturen ya buɗe kwanon, ya ja da baya kamar an mare shi. Na ce a raina, shi ke nan, mutumin Birnin Kebbi ya samu aiki.

Bai yi faɗa ba. Hannun rigata ya kama, ya ja ni bayan gida, gindin tankin ruwa. Ya tsinki wani ganye, ya murza, ya kai mini hanci.

Ɗoɗɗoya. Wadda innata take ajiyewa a ɗaki don sauro. Harshensa ne ba ya iya ɗaukar kalmar, kunnen Baba kuma ya ƙarasa ɓarnar.

Na koma kan tumatir huɗun nan. Gishiri, albasa, mai, sannan ganyen, na yayyaga da hannu kamar yadda ya nuna, ba da wuƙa ba. Na kai masa. Ya ci a tsaye, ya goge man da burodi. Direban kuwa yana gindin bishiya da kwanon farko, ya marmasa ƙuli-ƙuli a kai, yana cewa, "Wallahi wanga ya hi nashi."

Baturen ya ajiye cokali, ya dube ni, ya ce, "Gobe."

Wannan karon ban tambayi Baba ba. Na nuna ƙasa da yatsa, na maimaita, "Gobe, nan?" Sai da ya gyaɗa kai sau biyu na tafi gida.