Neman Muryar Yaya Habu a Funtuwa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, da wani kaset da Inna ta naɗe da tsumma ta cusa mini a aljihun gaba. Ta rako mu har bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta ce kada mu dawo mata sai da muryar ɗanta.

Ga yadda abin ya faru. Yayana Habu ya tafi Makka neman aiki shekaru da dama, tun ana samun saƙonsa har aka daina. Bana sai ga wani alhajin garinmu ya sauka da kaset, ya ce Habu ya damƙa masa hannu da hannu, magana ce ya yi wa Inna a ciki. Muka aro rikodar tela, aka baza tabarmi, maƙwabta suka cika gida. Shi kansa telan bai daɗe da sayen rikodar ba, hannaye kuma suka yi yawa a kanta, wani ya danna maɓalli biyu, har da jan nan na ɗaukar magana. Kaset ya yi ta juyawa, mu kuma muka yi tsit muna jira har ya tsaya don kansa. Da aka mayar da shi baya aka sake kunnawa, sai muka ji kanmu: tari, kukan akuya, da Inna tana ta tambaya, "Ya fara?" Har yau ba a san wanda ya danna jan nan ba, kowa ya ce shi yana can baya.

A-kori-kura muka shiga zuwa Malumfashi, ni a kan buhun masara, Kawu kusa da wani rago da bai so tafiyar ba. A hanya Kawu ya yi mini bayanin da ya kwana yana shiryawa. Wai murya kamar yaɓen ɗaki take, tamu ce ta hau kan ta Habu, in an sami mai hannu ya kankare ta sama a hankali, ta ƙasa za ta fito. Na yarda da shi, don ba ni da wata maganar da ta fi tasa.

A tashar Malumfashi muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan da muke saya huɗu sule ya koma biyu, kuma duk sun rame. Aka nuna mana wani mai gyaran agogo da aka ce yana taɓa rediyo. Ya karɓi kaset ɗin, ya ɗaga shi sama yana leƙawa, ya girgiza shi a kunne, sannan ya ce akwai nauyi, alamar muryar tana nan, amma aikin sai Funtuwa. Kawu ya dube ni irin kallon nan na "ban gaya maka ba?"

Fijo muka samu, mu huɗu a baya, gwiwata a haƙarƙarin wani fasinja, wai da sunan zama. Direba na tashi ya tura kaset ɗin waƙa a motarsa. Nan take Kawu ya dafe aljihuna da tafin hannunsa, bai ɗaga ba har muka wuce Bakori, wai kada kiɗan ya shige namu ya zama hawa uku. Na so in yi dariya, amma ni ma ban tabbata ba ya shiga ba. Ta taga kuwa gonakin auduga sun yi fari fat, dawa ta sunkuyar da kai, masu rake sun jera a bakin titi, manyan motoci shaƙe da auduga suna rarrafawa gabanmu zuwa wurin gurza.

Funtuwa hayaniya ce zalla. Jirgin ƙasa na kuka can, nan kuma kowane shago ya kafa lasifika a ƙofa yana ƙoƙarin danne na maƙwabcinsa. Na tsaya ina mamakin yadda murya ta yi arha haka a gari, mu kuma mun biyo guda ɗaya tun asuba. Da tambaya muka kai shagon Malam Lasisi, Bayarabe haifaffen garin, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu. Rediyoyi da cikinsu a waje sun cika masa tebur, ga warin dalma.

Kawu ya gabatar da buƙatarmu ta kankara. Malam Lasisi bai yi dariya ba, na kuma gode masa. Ya buɗe wata rikoda, ya sa biro ya ɗan jawo zaren kaset ɗin, ya ce mu duba. Wai ruwan ƙasan nan da ke jikin zaren garin ƙarfe ne, a cikin rikoda kuma akwai wani ɗan kai mai mayen ƙarfe. In mutum ya yi magana, sai maganar ta zama lantarki, lantarkin ya sa kan ya jera garin ƙarfen daidai da hawa da saukar muryar. In za a saurara, kan ya bi jerin ya karanta, ya tura wa lasifika. Na gyaɗa kai, amma gaskiya tun daga inda magana ta zama lantarki aka bar ni a baya.

"To ina ta Habu ta tafi?" in ji Kawu.

"Baba, kai manomi ne," in ji Malam Lasisi. "In garma ta bi gona ta yi sabuwar huɗa, ina kunyoyin bara? Ƙasar tana nan, kunyar ce babu. Ga wani kai nan a gaba, aikinsa ke nan, shi yake share tsohuwa kafin sabuwa ta hau. Ba hawa biyu ba ne."

Wannan kam na gane, na kuma so a ce ban gane ba. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Inna. Shi kuwa Malam Lasisi, ko don ya rage mana zafi, sai ya shiga ba mu labarin wani inji da ya gani a Kaduna, wai shi kwamfuta, ana jona shi da talabijin, yana adana lissafi a irin wannan zaren, in ka kunna kuma ba ka jin komai sai ƙara kamar ta gyare. Kawu ya tambaya ko injin zai iya tuno muryar Habu in mun je Kaduna. Aka ce masa a'a, sai ya ce to ina amfaninsa.

Har mun miƙe, Malam Lasisi ya ce, "Ɗaya gefen fa, me ke ciki?"

Muka dubi juna. Ashe kaset ana juya shi kamar waina, babu wanda ya gaya mana. Ya juya, ya danna maɓalli ɗaya tak. Aka ɗan yi shuu, sai ga muryar Yaya Habu, ta yi kauri amma ita ce. Yana cewa, "To, batun dawowata kuwa, yadda na faɗa muku a baya, haka za a yi in Allah ya so." Kafin in gama jin takaicin wannan, sai muka ji ƙarar wani abu ya faɗi, ya daka tsawa: "Inna! Sauko daga nan! Inna, ba na hana ki taɓa rikodar nan ba?"

Kaina ya ɗaure. Wace Inna a Makka, kuma yaushe Habu ya fara yi wa Inna tsawa? Sai muka ji dariyar yarinya ƙarama da gudun ƙafafunta. Kawu ya zauna daɓas a kan benci ya rufe fuska da hularsa, ya ce, "Ɗan nan, takwara ya yi wa Innarku." Bayan haka Habu ya yi gaisuwa ga kowa, ya yi sallama, shi ke nan.

Malam Lasisi ya ɗauko wata siririyar waya ya haɗa rikoda biyu, muryar ta bi ta ciki ta koma sabon kaset, amma kuma ba ta bar tsohon ba. Wannan ma ban gane ba, na dai daina tambaya. Sannan ya sa tsinke ya ɓalle wasu ’yan harsunan roba a gindin kowane kaset, ya ce yanzu ko duk garinmu suka taru a kan jan maɓalli ba zai dannu ba. Muka sallame shi, muka ci shinkafa da wake a bakin tasha, muka sayi batir da rake, muka juyo.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Na san kaset gefe biyu gare shi, na san jan maɓalli ba abin wasa ba ne, na kuma san abin da aka share ya tafi. Yadda murya ke zama a garin ƙarfe kuwa, har yanzu in na yi tunani kaina ciwo yake.

Mun iso gida bayan la'asar. Wannan karon ba a kira kowa ba, daga ni sai Kawu sai Inna a ɗakinta, ni na danna da hannuna. Ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Na fara ba ta haƙuri, na ce maganar dawowar tasa tana gefen da ya goge, ba mu san ko bana ba ne ko baɗi, ko ma cewa ya yi ba zai dawo ba. Ba ta ko dube ni ba. Ta share ido da bakin zanenta, ta matso da rikodar kusa da ƙafarta.

"Mayar mini da shi," ta ce, "daidai wurin da yake yi mini faɗa."