Zarton Usta Usmanu da Munduwar Sabuwa

Idan aka idar da sallar asuba a ƙauyenmu da ke kudu da garin Suki, kowa gida yake komawa ya jira shayi. Usta Usmanu Jibo kuwa, wanda ake ce wa Usta don gwanintarsa a aikin ƙarfe, sai ya fara leƙa rumfar kwanon da ke jikin katangarsa, wadda shi kaɗai ke kiran ta warsha, wato masana'anta, ba tare da ya yi dariya ba. Ya yaye buhun da ya rufe injinsa, ya share garin ƙarfen jiya, ya cika gwangwanin ruwan sabulun da ke ɗiga wa zarton sanyi. Daga nan ya taɓa zarton da yatsa kamar mai gwada tsirkiyar garaya, ya kasa kunne. In ƙarar ta yi masa, sannan ya yarda ya sha shayi. Haka yake yi tun wajen 1992, har bana da ido ya ƙi.

Injin ba wani babba ba ne, a keken jaki aka kawo shi. Zarto ne na yankan ƙarfe, siririyar ɗamara mai haƙora tana zagaya ƙafafu biyu, abin da muke ce wa sharit. A mace ya tsinto shi cikin tarkace a birnin Madani. Ƙauyen ba lantarki lokacin, sai ya jawo masa bel daga injin niƙan maƙwabcinsa Abdussalami, shi ya sa a garinmu ba a yanka ƙarfe sai mata sun kawo niƙa. Ya ɗaura masa shokozoban tsohuwar mota domin zarton ya riƙa sauka a hankali da nauyin kansa. Mai gaggawar da ya kai hannu zai danna, tsawa yake sha: "Ɗauke hannunka, kai mutum! Ya hi ka sanin aiki nai."

Duk ayabar da muke lodawa zuwa kasuwar Sinja, turumbar gari ce ke shayar da ita, injin jan ruwan da ke bakin kogi. Kowace bazara kogin kan ja baya, dole a ƙara wa bututun tsawo ya bi ruwa. Yankan kuma in ya karkace ko kaɗan, mahaɗar ta shaƙi iska, turumba ta yi ta tari ba ruwa. A duk yankin, zarton Usta kaɗai ke yanka babban bututu baki ya zauna daram.

Sai dai sharit tsinkewa yake yi, kuma ba mai shigo da irin nasa. Guntayen da masu warsha a birni suka zubar yake tarawa ya haɗa. Ya goge bakin biyu da magagari, ya sa ɗan fallen azurfar liƙi a tsakani, Abdussalami ya zuga wuta har awartaki ya yi ja, ya matse wurin da shi. Shekarar da kaya suka yi wuya a ƙasa, azurfar liƙi ta ɓace daga kasuwa, sharit kuma ya tsinke ana tsakiyar aiki. Ranar Usta ya tasa tuwo gaba ya kasa ci.

"Malam, mi ya hana ka cin tuwo?" in ji matarsa Sabuwa.

"Azurfar liƙi ta ƙare. Babu Sinja, babu Madani."

Ta shiga ɗaki ta fito da munduwa mai kauri, ta azurfar tsohon riyal. A hannun kakar kakarta ta baro ƙasar Sakkwato, kuma a zuriyarsu uwa ce ke sa wa ɗiyarta ita ranar da za a kai ta ɗakin miji.

"Wagga ai ta kakanninki ce," Usta ya ce. "Ta ɗiyarmu Huda ce in ta girma."

"Gutsuri kaɗan. Huda ko yaye ta ba a yi ba. Kahin ta girma ka mayar."

Ya gutsura, ya narka da tagulla, ya buga ta yi falle. Liƙin ya kama fiye da na kasuwa, kuma wannan ne bala'in. Da azurfar kasuwa ta dawo, jabu ce, tana jin zafi take sakin baki. Sai aka koma wa munduwa. Allah ya sani ya yi niyyar mayarwa, kullum yana cewa bayan kaka. To amma mu ne masu ba shi aikin, kuma ladanmu bai wuce mudun dawa da "Allah shi yi albarka, Usta" ba. Sabuwa ta daina sa munduwar, ta ce ta yi mata nauyi. Shekara ashirin muna kallon farin tabo a jikin sharit, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya tambayi daga ina.

Bazarar da aka sa bikin Huda, kogi ya ja baya irin jan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ganyen ayaba ya lanƙwashe ya fara ƙonewa ta baki. Magidanta suka jibge bututai a ƙofar warsha, a kan na farko kuwa sharit ya ce ƙas. Abin da ya rage na munduwa bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma Sabuwa ta riga ta ƙulle shi a bakin zane, za ta kai wa maƙerin farfaru a Sinja ya yi wa amarya ko da zobe ne. Usta ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Abdussalami ya ce bai taɓa ganin sa haka ba.

"Wallahi, Abdussalami, wanga karon ban iya roƙo. Bari ayabar ta mutu."

Suna nan zaune sai ga Sabuwa da farantin shayi. Ta ajiye, ta kwance bakin zanenta, ta ɗora guntun kusa da kofi.

"Angon ma manomin ayaba ne, Malam. In ta mutu, da mi za shi ciyar da Huda?"

Kafin la'asar ruwa na gudu a kwalbati, yara na tsalle a ciki. Ranar kai amarya, dangi suka cika ɗaki, aka ce uwa ta fito da munduwa. Sabuwa ta sunkuyar da kai ta ce ta ɓace. Gwaggon ango, Asabe, ta tafa hannu: "Abin da ya ƙetare Barno da Wadai da Darfur bai ɓace ba, sai cikin akwati?" Huda ta fita gidan ubanta da hannu fayau, tana kuka ba irin na amare ba. Kafin a watse magana ta zaga gari cewa Sabuwa ta sayar da gadon uwarta ta ci. Ta gwammace a ce da ita haka da a ce mijinta ya cinye kayan mace. Shi kuma kunya ta ɗaure masa baki, abin yana cin sa har yau.

Kai ne, Usta, mai ɗinke ƙarfe, Usmanu na Sabuwa. Kai ne ka shayar da gari ka bar ɗiyarka ba abin tunawa da kakanninta. Yanzu yanar ido ta rufe maka gani, baki biyu na sharit sun daina haɗuwa a hannunka. 'Ya'yanka maza sun tafi haƙar zinari arewa, ba wanda ya tsaya ya koyi matse awartaki. Masu sayen tsohon ƙarfe sun fara zagayen rumfarka suna ɗaga injin da ido. Bazara mai zuwa kogi zai sake ja baya, kuma wallahi ba mu san wanda zai yanka mana bututu ba. Abin baƙin ciki ne a ce sai yanzu muke gode maka, da godiyar ba ta iya sayen komai.

Abdussalami ne ya fasa mana maganar inda munduwar ta tafi, ya ce tsufa ya kama shi, ba zai shiga kabari da ita ba. Ya fasa ta ne bayan sunan 'yar da Huda ta haifa. Matarsa ta ba shi labarin yadda aka miƙa wa Sabuwa jaririyar, ta zagaye wuyan hannun 'yar da yatsu biyu kamar mai awo, ta daɗe a haka, sannan ta ja zane ta rufe ɗan hannun.

Mun gode, Usta. Mun gode, Sabuwa, Allah ya biya ku da abin da ba mu iya biya ba. Samarin da suka rage a gari, ku je ku zauna gabansa tun bakinsa na iya faɗa muku abin da idonsa ya daina gani. Mu kuwa da muka ce ta sayar ta ci, ƙofar gidan ba ta da nisa ga mai neman gafara. Kada wani ya ce zai je ya ba ta labarin abin da aka faɗa a kanta. Katangar zana ce tsakaninta da mu, duk ta ji, kuma washegari ita ce ta fara gaishe mu.