Haƙorin Ƙande Mai Fure

A Dogo-Dogo in ka ce Ƙande sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Ƙande mai fure, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar gidan. Saƙar tabarma da faifai ce sana'arta, kuma Allah ya yi mata wata irin dariya da ba ta iya riƙewa ko a gidan gaisuwa. Tun tana budurwa ba ta fita sai ta goga furen taba a haƙoranta, ta bi shi da goro, su yi jawur. Da haƙoran nan take kama bakin kaba ta tsaga, da su take tsinke igiya. Mijinta Malam Sirajo manomin gero ne, magana ba ta dame shi ba. In ta fashe da dariya sai ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba, alhali duk gidan an san ya ji.

Da girma ya fara zuwa sai ƙishirwa ta addabe ta, tana sha tana ramewa. A gidan likita na Dungas aka yi mata analiz, wato gwajin jini, aka ce ciwon sukari ne. Ba a jima ba aka ƙara da cewa kitse ya yi yawa a jininta. Aka hana ta sukari, aka ce ta rage man shanu. Ta bi dokar gwargwadon yadda mai son fura da man shanu za ta iya, wato rabi da rabi.

Akwai ciwo na uku da ba ta gaya wa kowa ba. Dasashinta ya kumbura yana jini. To wa zai gane jini a bakin da kullum ja ne? Ita kanta da ta ga asuwaki ya rine, cewa ta yi fure ne. Sai da haƙorinta na gaba ya fara girgiɗi sannan gabanta ya faɗi. A lissafinta likitan sukari ba ruwansa da baki, don haka ta koma ga abin da ta taso ta ji tsofaffi suna faɗa, cewa fure yana ƙarfafa haƙori. Ta ƙara fure, ta ƙara goro. Ranar zuwa Dungas kuwa ninkawa take yi, don ba a shiga birni da baki fari kamar wadda ba ta da kowa.

Tsoro ya cinye mata dariyar. In abin dariya ya zo sai ta ja gefen mayafi ta toshe baki. Ta koma tsaga kaba da wuƙa, aikin ya yi ta cin ranta. Shirun gidan ya hana Malam Sirajo sakat, shi da ake zaton shiru yake so. Wata safiya ya ga inda ta tofar bayan alwala, tun ba ta taɓa fure ba, ya ga ja.

Ranar awo ya ce zai raka ta. Suka hau kabu-kabu, ya bi ta har cikin ɗakin likita, abin da bai taɓa yi ba. Likitar, wata 'yar matashiya mai suna Juwairiyya, tana cikin mamakin yadda sukarin ya ƙi sauka duk da magani, sai ya gyara murya ya ce a duba bakinta. Ƙande ta galla masa harara, ya mai da kallonsa bango.

Juwairiyya ta sa ta kurkure baki har ruwan ya daina fita ja, ta haska ta duba dasashin da kyau. Sannan ta zauna ta yi musu bayani a hankali. Ta ce ciwon dasashi yakan hana sukari sauka, sukari kuma yakan hana dasashi warkewa. Ta ce a cikin ƙwayoyin jini akwai umarnin halitta da mutum ke gada, wasu suna barci wasu suna aiki, kuma masu bincike suna bibiyar yadda aikinsu ke sauyawa a jikin mai sukari da kitse da ciwon dasashi a haɗe. Ba a gama ganewa ba, amma dai cututtukan nan uku ba baƙin juna ba ne.

"Ashe jinin nan nawa ne ke yawon gulma tsakaninsu," in ji Ƙande, tana neman mai da abin wasa. Ta tambayi abin da ya fi damunta, ko haƙorin zai tsaya.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Juwairiyya. "Sauran ina sa rai, in kin ajiye fure kin riƙe magani. Wannan sai likitan haƙori ya gani a Magaria."

A Magaria aka wanke mata dasashi, aka ce na gaban ba shi da sauran saiwa. Aka cire. Ta fito da auduga a baki, mayafi har hanci, hawaye na zuba ba don zafi ba. Ta zauna a kan benci tana jiran Malam Sirajo, wanda ya koma ciki ba ta san dalili ba. Can ya fito yana cusa wani ɗan ƙullin takarda a aljihun gaban rigarsa. Ta tambaye shi da ido.

"Haƙorin ne na roƙa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Shi na fara gani ranar da na gan ki a kasuwar Waca. Ba na barinsa a kwandon sharar mutane."

Ƙande ta dube shi, tsoho da furfura yana dafe da aljihu kamar za a ƙwace masa. Dariya ta taso mata tare da kuka, mayafin ya zame, audugar ta faɗi, giɓin ya bayyana a gaban duk masu jiran layi. Ba ta kai hannu ta rufe ba, shi ma wannan karon bai sunkuyar da kai ba.