Naman Kaza a Miyar Kuka

Ni ɗan mahauta ne. Kakana fawa ya yi, mahaifina har gobe ita yake yi, ni kaɗai na ajiye wuƙa na kama sitiyari a Riyadh. Shi ya sa ranar da likita ya dubi babban yatsan ƙafata da ya kumbura kamar albasa, ya ce in bar nama, sai na ce, "Na wace dabba?" Ya ce duka, har kaza, har romo. Na fito ina ɗingishi, ina tunanin me ya rage a duniya da ake kira abinci.

A lokacin sanyi ya kankama, irin wanda ke shiga ƙashi ya sa mutum kwaɗayin farfesu tun da safe. Mu huɗu ne a ɗakinmu na unguwar Al-Suwaidi, kuma tire ɗaya muke ci. Babbanmu wani dattijon birkila ne da muke ce wa Kawu, shi ke rabon nama: in tuwo ya yi nisa, sai ya tsamo yanka-yanka ya tura gaban kowa da yatsa. Tunda miyarsu da nama ake dafawa, dole na koma gefe da ɗan kwanona. Gaskiya ba naman ya fi ci mini rai ba. Zaman gefen ne, ina kallon ƙeyar mutane suna hira.

Sai na shiga kicin da ƙarfina. Na sayo adas, ɗan mitsitsin waken nan na Larabawa, na ba shi wuta irin ta wakenmu, ya narke ya zama kunu. Na soya baƙin yalo, ya shanye rabin kwalbar mai bai ko gode ba. Na jiƙa waken suya zan yi awara, na matsa lemon tsami har biyar, ruwan ya tsaya yana kallona. Wata rana na daɗe riƙe da dunƙulen magi mai hoton kaza, na rasa ko shi ma nama ne. Na tambayi Kawu.

"Ni birkila ne, ɗan nan, ba likita ba," ya ce. "Ka ci ganyenka, Allah ya ba da lafiya."

Wata safiyar Juma'a a kasuwar Al-Aziziya, mai kayan miya ya miƙo mini wasu fararen abubuwa masu hula, ya ce wallahi kamar nama suke a baki. Sai da na zo gida na yanka na gane su. Naman kaza ne, wanda ke tsirowa a juji da damina, wanda in muka taɓa muna yara sai an sa mu wanke hannu da toka. Ga shi a nan an lulluɓe shi da leda kamar abin arziki. Na soya shi da albasa da daddawa, na zuba a miyar kuka, na ɗanɗana. Ban ce nama ne ba, amma haƙori ya sami abin yi.

Murna ta ɗebe ni, na aika wa 'yan ɗaki saƙo: yau girkin kowa nawa ne, tuwo da miyar kuka da naman kaza. Allah ya sani ban yi niyyar yaudara ba. Sunansa ke nan, ba ni na raɗa masa ba.

Bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya shigo yana murza hannu. "Ashe ɗan mahauta ya warke! Yalla, a kawo tire."

Na zauna a cikinsu, gwiwa na gogar gwiwa. Loma ɗaya, loma biyu, sai ɗaya daga cikin abokan ya fara laluben miya.

"Wai wannan kazar ba ta da ƙashi ne?"

Nan na fahimci abin da suka zo ci. Kunya ta rufe ni, na yi bayani ina in-ina.

"Na juji?" in ji Kawu.

"Na Aziziya, Kawu."

Ya daɗe yana kallon miyar, ni kuwa har na fara laluben ɗan kwanona da ido. Can sai ya naɗe hannun riga, ya tsamo yanka ɗaya ya tura gaban wannan, ya tura gaban wancan, ya ɗauki nasa ya tauna a hankali, fuskarsa kamar mai shan maɗaci.

"Halas, shi ke nan, girkin Juma'a naka ne," ya ce. "Amma ka riƙa faɗin wace kazar."

Sannan ya zaɓi yankan da ya fi girma ya turo gabana. Har yau ban sani ba ko karramawa ce ko neman kai yake da shi. Ban tambaya ba. Wata ɗaya da rabi ke nan yatsan nan na Kawu bai turo komai gabana ba, don haka na sunkuyar da kai na ci rabona.