Mijinyawa, Mai Nemo Mana Inuwa a Bakin Teku

Da an idar da sallar asuba a Al Sabkha, unguwar kasuwa a Dubai, tun masu shaguna ba su ɗaga ƙofa ba, za ka ga wata farar motar ɗaukar kaya a tsaye kusa da tashar bas, direbanta yana goge gilashi da tsumma, carbi na lilo a wuyan hannunsa. Malam Mijinyawa ke nan, mutumin Zariya. Aikinsa kwasar kayan 'yan kasuwarmu daga shago zuwa ofishin kargo, daga can zuwa inda ake loda kwantena. Atamfa, leshi, turare, takalma, duk ta bayan motarsa suke bi su isa Kano. Wannan shi ne aikin da ake biyan sa. Ni kuwa ba don shi na zauna rubutu ba. Akwai wani aikin da ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi, kuma yanzu da zai koma gida a ƙarshen shekarar nan ta 2021, na ga bai kamata ya tafi ba a faɗa ba.

Ran Juma'a, in an sauko daga masallaci kowa na neman katifa, shi sai ya kama hanyar bakin ruwa, yana neman mana wurin zama.

To, wanda bai zo Dubai ba zai ce wannan ma aiki ne? Aiki ne, 'yan nan. Garin nan cike yake da wuraren shan iska, ciyawa shar, lema, kujeru, ga teku a gabanka. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka fi kyau a hoto na otal-otal ne, lambunan da ake zama a sha giya. An yi su ne don masu su, kuma suna jin daɗin abinsu. Mu da muke son mu zauna da iyayenmu da jikoki, mu sha shayi, in lokacin salla ya yi mu tashi mu yi, sai an tona kafin a samo namu. Mijinyawa ya san waɗancan ɗin duka. Wani abokin aikinsa ɗan kudu ya taɓa tsokanar sa, wai, "Malam, yaya ka fi ni sanin wuraren nan?" Ya ce, "Habibi, in ban san su ba, ta yaya zan kauce musu?"

Ba ya tura mutum inda bai zauna da kansa ba. Zai je ya sayi karak, shayinsu mai madara, ya leƙa abin da ke cikin kofunan maƙwabtan tebur. Zai jingina da kujera ya ji ko za ta riƙe bayan tsohuwa. Zai zauna har la'asar ya ga inda rana take faɗuwa. Daga nan ya tashi ya taka zuwa wurin alwala a hankali, yana jan ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, don ya ji ko da nisa. Na taɓa hango shi yana wannan tafiyar, na yi zaton ciwo ya same shi, ashe ni da ire-irena yake kwaikwayo.

Bari in ba ku labarin Hajiya Sauda, don da izininta nake faɗa.

Hajiya Sauda 'yar kasuwa ce daga Kano. Ta zo sayayya farkon 2020, ta sauka a gidan ɗanta Hafiz a Al Muraqqabat, bene ɗaya da 'yata da nake zaune wurinta. Mace ce mai baki. Duk ranar da Mijinyawa ya zo ɗaukar kayanta, sai an yi wasan Kanawa da Zagezagi. Ta ce, "Bawana ya iso, a ba shi fate ya samu ƙarfi." Ya ce, "Hajiya, Bakano ne zai ba da abinci kyauta? Yau na ga abin mamaki."

Sai annobar korona ta zo, aka rufe filin jirgi. Tana nan aka yi mata waya cewa maigidanta ya rasu a Kano. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta zauna karɓar gaisuwa a ɗakinta ba. A ɗan ɗakin nan na bene ta yi takaba, tagarsa na kallon bangon wani benen. Da ta fita takaba, sai ta ƙi fitowa daga ɗakin. Magana ta ɗauke. Abinci sai Ramlat, matar Hafiz, ta yi ta lallashi kafin ta ci loma biyu. Aka buɗe hanya, jirage suka fara tashi, amma likita ya ce matar da ba ta iya tsayuwa ta idar da salla ba jiri, ba zai yarda ta yi doguwar tafiya ba. Ya ce sai ta ci abinci, ta sha iska, ƙafarta ta yi ƙarfi, sannan a yi maganar gida.

Hafiz yaron kirki ne. Ya duba a waya, ya zaɓi wurin da kowa ya yaba, lambu a bakin teku. Ya sha wuya kafin ta yarda ta sa mayafi. Suna shiga, ga kiɗa, ga manyan kofuna masu kumfa a kan kowane tebur. Hajiya ta tsaya cak. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mai da ni." Daga ranar ta juya fuska bango.

Hafiz ya tarar da Mijinyawa a bakin kargo, idonsa ja. Ya ce, "Baba, na ɓata komai. Umma ta ce ba ta ƙara fita sai dai a fitar da ita."

Mijinyawa ya ce, "Khalas, ya isa, daina damun kanka. Hoto ba ya nuna abin da ke cikin kofi. Ka ba ni lokaci."

"Gobe?"

"Ba gobe ba. Wannan zafin, ko inuwar aljanna ka kai ta a garin nan, gumi zai koro ta. Shwaiya shwaiya, sannu a hankali. Bari iska ta juya."

Ya bar su suna jira har watan Oktoba ya yi nisa, Hafiz kullum yana kira, shi kullum yana cewa da saura. Ashe duk Juma'a yana yawo. Wuraren da ya sani da yawa annoba ta rufe su. Wasu sun buɗe amma an kwashe kujeru. Ya kuma sa wa ransa cewa ba kujera zai nema wa Hajiya ba, don ya lura a shagunan Sabkha ma in ta gaji, ƙasa take zama ta miƙe ƙafa.

Ranar da ya zo, ina nan. Ya wanke motar Hafiz da kansa, ya hau bene da takunkumi a fuska da tabarma a hammata. Ya tsaya bakin ƙofarta ya yi sallama, ya yi mata ta'aziyya kamar ranar aka yi rasuwar. Ta amsa can ƙasa. Sai ya ce, "Hajiya, ba lambu zan kai ki ba. Wata bishiya na gani, na ce sai Bakanuwa ta gaya mini ko ita ce."

Can ta ce, "Wace bishiya?"

"In na faɗa, me za ki je gani?"

Ni dai ban san me ya motsa ta ba. Na ga ta miƙa hannu Ramlat ta ɗaga ta.

Wajen Mamzar ya kai mu, bayan la'asar. Wata 'yar rumfar shayi ce ta wani Ba'indiye, ba ta da kyan hoto ko kaɗan. Amma a bayanta akwai darbejiya babba, inuwarta ta sauka kan yashi, ruwa na gabanka, ƙaramin masallaci na gefe. Mijinyawa ya riga ya roƙi mai rumfar, an share gindinta. Ya shimfiɗa tabarma, ya koma nesa ya zauna kan dutse.

Hajiya ta zauna. Ta ɗauki ganye ɗaya da ya faɗo, ta murza, ta shinshina. Ta ce, "Irin ta ƙofar gidanmu. Nan Alhaji yake zama da rediyonsa." Sai kuka, irin wanda ba ta yi ba tun ranar wayar. Hafiz ya yunƙura, na riƙe rigarsa na ce bar ta. Ta yi mai isarta, iska na kaɗa mayafinta. Da ta share ido, aka kawo shayi da burodi mai zafi. Muna satar kallo, ta ci ɗaya, ta ci rabin na Ramlat.

Sai ta ɗaga murya, muryar nan da muka manta: "Kai, bawana! Wato duk faɗin Dubai, Bazazzagi bai samo wa uwargijiyarsa komai ba sai gindin darbejiya?"

Mijinyawa ya kai hannu ya goge ido. Ya ce, "Hajiya, na san Bakanuwa. Na nemo inda ba a biyan kuɗin shiga."

Ta yi dariya har da tari. Hafiz ya sunkuyar da kai yana ta alhamdulillahi. Ni kaina sai da na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Muka riƙa komawa duk Juma'a. Kafin shekara ta ƙare, da ƙafarta ta shiga jirgi.

Malam Mijinyawa, kai ne wanda ya sayar da hutunsa ya saya mana inuwa. Kai ne mai jan ƙafa don tsofaffi su huta. Ba a rubuta sunanka a jikin kowace rumfa ba, amma mu da muka zauna mun sani. Mun gode. Allah Ya kai ka Zariya lafiya, Ya ba ka inuwa ranar da kowa ke neman ta.

Ku kuma samarinmu masu lafiyar gwiwa, ga hanya ya bar muku. Kafin ku kai uwar wani wuri, ku je ku zauna tukuna, ku leƙa kofin maƙwabci, ku jira la'asar.

Shekaranjiya Hajiya Sauda ta kira ni daga Kano. Ta ce in gaya masa ta sa an share gindin darbejiyar ƙofar gida, tabarma na nan. In ya sauka, ya biyo ta gidanta kafin Zariya. Fate kuma, ta ce, kyauta ne, amma sau ɗaya.