Burtun Baba a Bakin Tafki

Shekarun baya, tun ina koyarwa a wata makarantar firamare kusa da Abu Na'ama, likitan ido a Madani ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da bai faɗa wa mahaifina ba. Hawan jinin ido ne ya kama tsohon. Ya riga ya cinye na dama, na hagun ma saura kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Magani zai ja lokaci, amma ba zai dawo da komai ba. Na fito ina ta shirya ƙaryar da zan yi wa tsoho, ashe shi ya riga ni sani. Muna cikin mota ya ce, "Bar wahal da kanka, na san inda anka kwana. Abu guda nika so. Ka kai ni in ga gwanki tun idon ga na da saura."

Mahaifina ɗan maharbi ne, shi ma ya yi harbi a ƙuruciyarsa, tun kafin manyan gonakin dawa su cinye dajin da ke bayan garinmu. Ya daɗe da ajiye baka ya kama noma, amma hirarsa ba ta wuce daji ba. Ni kuwa ɗansa na fari, sai Allah ya yi ni mai tsoron ko ƙadangare, balle abin da ke da ƙaho. Duk da haka ban iya cewa a'a ba, don na ga yadda yake lalube da ƙafa kafin ya taka dokin ƙofa.

Ina da aboki ɗan unguwarmu da ke aikin kai baƙi kallon namun daji a gandun dajin Dindir. Tare muka yi wasan ƙasa, sai dai shi zaman makaranta a Khartoum ya cinye masa rabin Hausa, in ya fara magana sai ya ƙarasa da Larabci. Na gaya masa halin da ake ciki, ya ce mu zo da bazara, lokacin da ruwa ya janye ko'ina, namun daji suka koma shan ruwa a 'yan tafkunan da suka rage. Amma ya ja mini kunne: shi zai kai mu inda suke sha, ganinsu kuma sai Allah ya yi, don gwanki ya yi ƙaranci kuma ba ya son mutane.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Idan muka je ba mu gani ba fa? Wata bazarar ba lallai ta tarar da idon ba.

Da safe, kafin mu kama 'yar hanyar ƙafa da ke bi ta cikin goruba zuwa tafkin, abokina ya tsayar da mu ya zayyana dokoki. Ba a ɗaga murya, ba a sauka daga hanya, ba a ba dabba abinci, ba a jifa, ba a kwaikwayon kukanta don ta juyo. Baba yana ta gyaɗa kai yana cewa "Tamam, tamam," kamar ɗalibin kirki. Yana rataye da tsohon burgaminsa na fatar akuya. Na ɗauka ruwa ne da carbi da maganin ɗigawa a ciki, don haka ban tambaya ba.

Muka tafi a hankali, ni ina riƙe da hannunsa, ina kallon dama da hagu, duk busasshen ganyen da ya motsa sai gabana ya faɗi. Gadu ya ɓullo da 'ya'yansa suka tsallaka hanya, jela a sama, na yi tsalle na ɓuya a bayan tsohon da na zo jagoranta. Baba ya ce, "Kai dai da ka gado ni da mun sha kunya." Abokina ya danne dariya har da ƙwalla.

Wurin zaman wata 'yar rumfar ciyawa ce a ƙarƙashin tsamiya, nesa kaɗan da ruwa, inda iska ke busowa daga tafkin zuwa gare mu. Muka zauna. Gwambaza suka zo suka sha, birai suka zo suka yi ta faɗansu, zabin daji ba iyaka. Can da hantsi abokina ya dafa gwiwata ya nuna da haɓa. A ɗaya gefen tafkin, ga gwanki ya fito daga cikin ƙaya, su kaɗan, da wani babban namiji a gaba, fuska baƙi da fari, ƙaho ya lanƙwashe baya. Ban taɓa ganin dabba mai kwarjini haka ba.

Na raɗa wa Baba, "Ga su can!" Ya zare ido, ya karkata kai ya sa na hagun a gaba. Abokina ya miƙa masa madubin hangen nesa, ya saita masa, ya riƙe masa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke a hankali. Ya ce, "Hayaƙi kaɗai nika gani."

Mun zo, sun zo, amma tsakaninmu da su akwai faɗin ruwan da idonsa ba zai iya ƙetarewa ba.

Sai na ga ya jawo burgami ya kwance bakinsa. Abin da ya fito da shi na san shi tun ina yaro, a rataye yake a ɗakinsa, ba mai taɓawa. Burtu ne. Ga wanda bai sani ba, kan tsuntsun nan ne mai dogon baki, a ɗora shi a kan wuyan itace, a naɗe da fata, a yi masa maɗauri. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana caccakar ƙasa kamar tsuntsu na kiwo. Namun daji ba sa gudun burtu, don haka sai ya isa gab da su kafin ya saki kibiya. Wannan na kakana ne, da shi ya taho daga yamma a kan hanyar hajji.

Abokina ya ga burtu, fuskarsa ta canza. Ya ce, "La la la, Baba Alhaji, wannan mamnu'u ne, an hana. Don Allah mayar da shi."

Baba ya ce, "Ɗana, ba ni da baka, ba ni da kibiya. In matsa kusa kaɗai, in gane shi da idona, in komo. Mi zan rage musu?"

Na san dokar, a gabana aka faɗe ta, amma sai na ji bakina yana roƙo. Na ce wa abokina ya dubi Allah ya dubi zumunci, ya kawar da kai na ɗan lokaci, ba wanda zai sani. Har na tuna masa tuwon da ya ci a gidanmu, abin kunya.

Abokina ya share gumi. Sannan ya matso kusa da Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci. Ya ce masu gadin daji suna zagaye da bindiga, in suka hango mutum yana rarrafe da burtu a bakin ruwa, ba za su tsaya tambayar shekarunsa ba. Ya ce akwai ɓauna a cikin ciyawar can. Amma babban abin, in ji shi, wannan ne kaɗai ruwan da ya rage a duk yankin. In gwanki ya gane an yaudare shi a nan, zai ƙaurace wa tafkin, ga mata da ƙananan 'ya'ya, ga zafin nan. "Malesh, yi haƙuri Baba. Kai kanka ka fi ni sanin abin da ƙishirwa ke yi musu. Abin da zan iya ba ka shi ne zama. In mun zauna kamar ba mu, wata rana sukan zagayo ta nan."

Baba ya riƙe burtun a cinya yana shafa bakinsa da babban yatsa. Ni kuwa na shiga tsaka mai wuya, ina jin haushin abokina, ina kuma jin tsoron kada tsohon ya miƙe ya tafi, don na san halinsa. Can ya mayar da shi cikin burgami ya ɗaure. Ya ce, "To, mu zamna."

Ban taɓa yin zama mai tsawo irin wannan ba. Rana ta take, inuwar tsamiya ta tsuke, ruwan gorarmu ya zama kamar na shayi. Gwankayen suka koma cikin ƙaya suka ɓace. Ina duban leɓen Baba ya bushe, ina tunanin in ya faɗi a nan me zan gaya wa mahaifiyata. Sau da yawa na ce mu tafi, ya ɗaga mini hannu. Azahar ma a zaune muka yi ta, da taimama, don kada mu motsa da yawa.

Da la'asar ta kawo jiki, na ji ƙarar kofato a kan busasshiyar laka ta hagunmu. Babban namijin ne, shi kaɗai, ya biyo gefen ruwa. Ya matso, ya ƙara matsowa, har ina jin hucinsa, ina ganin ƙudaje a gefen idonsa. Ya ɗaga kai ya dube mu, dogayen kunnuwansa a miƙe. Baba ya cire hularsa a hankali, ya juyo da fuskarsa gare shi. Suka daɗe a haka. Sannan gwankin ya sunkuya ya sha ruwa, ya juya ya tafi abinsa ba gaggawa.

Muna komawa kan hanya na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ka gan shi?"

Ya ce, "A'a. Wani duhu dai nig gani ya tsaya."

Hawaye suka zubo mini, na fara ba shi haƙuri, ina cewa da mun zo bara. Ya matse hannuna ya ce, "Kai, bari. Ni da ubana, duk naman da ya taɓa bari munka matsa kusa da shi, tsuntsu ya ɗauke mu. Wanga ya gane ni mutum, da huskata, kuma ya sha ruwa nai."

Kafin damina ta biyu idon ya rufe gaba ɗaya, kuma ya rayu shekaru bayan haka ba tare da ya sake neman a kai shi daji ba. Ni na je ne da tunanin cewa wanda ya sha hanya ya zo kallo yana da haƙƙin ya gani ko ta halin ƙaƙa, kuma na yi kwanaki ina fushi da abokina kafin na gane cewa ruwan na namun dajin ne, mu baƙi ne a bakinsa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau abin yana ci mini rai. Ni da ban damu da gwanki ba na gan shi har da ƙudajen idonsa, mutumin da ya yi rayuwarsa yana begensa kuwa duhu kawai ya gani, kuma shi ne ya riƙa lallashina a hanyar gida.