Batirin da ke Cikin Rumbunmu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai sa wani ya fasa sa sola a gidansa, alhali wataƙila ni ne ban fahimta ba. Ina kuma tsoron in yi shiru, ya zamana akwai wasu gidajen da ke cikin halin da nake ciki. Damina ta matso, shi ya sa na ga shirun ya isa haka.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bukkuyum, ba nisa da 'Yargalma. Wutar lantarki ba ta taɓa zuwa mana ba. Saboda Inna, mahaifiyata, na yi tunanin sola. Ta tsufa, kuma zafin bazara yakan fito mata da ƙuraje a baya har ta kasa kwanciya. Da na sayar da wake, sai na ɗauko wani mai haɗa sola daga Gummi, mutum mai yawan raha. Ya zo a kan babur da farantin sola ɗaure a baya, da fanka, da ƙwayayen fitila, da batir wanda sai da muka kama mu biyu muka sauke shi.

Ya hau kwanon ɗakin matata ya ɗaure farantin, ni kuwa ina ƙasa ina tambaya. In iska ta taso fa? In tsawa ta faɗo fa? In kaji suka hau?

Ya leƙo daga sama ya ce, "Malam, kai ko alƙali bai kai ka bincike ba. Kaza dai in ta hau, ita ma ta sha caji."

Game da batir ya ce a ajiye shi a inuwa, inda ruwan sama ba ya taɓawa. Zaure a buɗe yake, ɗakin Inna yana yoyo, saboda haka muka ajiye shi a ɗakin matata, a ƙasa, bayan ƙofa. Ya nuna mini ramukan da ke samansa, ya ce in ruwan ciki ya ja baya in ƙara masa da na jarkar da ya bar mini. Bai faɗi iyakar inda zan tsaya ba, ko kuma ya faɗa ina can ina tunanin tsawa. Ni dai na riƙa cika shi har baki, yadda ake cika tulu, don kada ya ji ƙishi.

Mun ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Inna ta sami fanka, ƙurajen suka bushe. Maƙwabta suna kawo wayoyinsu caji. A cikin wannan lokaci aka haifa mana ɗiya mace, ta yi wayo, ta fara rarrafe a wannan ɗakin.

Daga baya batirin ya fara rauni. Da rana tsaka yakan yi ƙara kamar tukunya ta kusa tafasa, ruwa ya tsattsafo ta ramukan ya gangaro ƙasa. Inda ya zuba, daɓen ya yi fari ya rububbuge. Matata takan share wurin. Ban ɗauke shi komai ba, har ranar da wani mai sayen tsoffin ƙarafa daga Anka ya zo ƙauyen, ya ji labarin muna da batir mai ciwo. Na shigo da shi ya gani. Ya ɗaga gefe ɗaya, ya yi murmushi.

"Wanga da nauyi. Ka san nauyin ga duk dalma ce."

Na ce, "Mi ka ce?"

"Dalma. Ita muka saye, ba robar ba."

A wani wuri wannan kalma ba za ta tayar da hankalin kowa ba. Mu kuwa mun ga shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje ta hanyar duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Ɗan yayana yana cikin yaran da suka tafi, kuma har yau Inna ba ta ambatonsa. Na tuna ma'aikatan da suka zo suka kankare ƙasar gidaje, suka zuba a buhuna, suka kawo sabuwa daga nesa. Sun ce gubar ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ƙananan yara ta fi kamawa, domin su ne masu kai hannu ƙasa su kai baki. Ina tsaye ina tuna wannan, ɗiyata tana zaune kusa da ƙofa tana tsotsar murfin kwano da ta tsinta a ƙasa.

Na ɗauke ta na miƙa wa uwarta, na kira mai sola a waya. Ya ce dalmar tana ciki a kulle, abin da ya zubo ruwan batir ne kawai, mai cin tufafi. Na ce ai dalmar a cikin ruwan take kwana. Sai ya ce, "To, Malam, wanga sai likita. Ni waya na iya." Ya ce akwai wani sabon batir marar ruwa, mai tsada. Da na tambayi wani maƙwabcinmu, sai ya ce ya ji irin wannan yakan kama da wuta. Ban san wanda zan bi ba.

Abin da na gani da idona a waccan shekara shi na yi. Na fitar da kayan ɗakin, na ɗaure hanci da rawani, na sa fartanya na kankare daɓen tun daga bayan ƙofa har bakin gado. Da na tuna matata tana share wurin ta fitar da sharar, sai na bi har tsakar gida ina kankara. Na zuba a buhunan taki. Tsintsiyar ma na sa ta ciki.

Matata tana bakin madafa da yarinyar a baya. Ta ce, "Malam, in gero za ka shuka cikin ɗakin, ka bari a yi ruwa tukuna."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙyale shi ya kankare."

Sai da na gama na ga ban san inda zan kai buhunan ba. Ramin da aka zuba na wancan karo an rufe shi tuntuni. Gona, daga ita muke ci. Bakin rafi, nan shanun maƙwabtanmu Fulani suke sha. Mai ƙarafa ya dawo washegari yana son batirin, na tambaye shi yadda yake yi da su. Ya ce yakan tsiyaye ruwan a bayan gida, ya fasa da gatari, ya ware dalmar. Na ce akwai yara a gidan? Ya ce, "Gida ba yara, Malam?" Na ce ba zan sayar ba. Ya ƙara kuɗi, yana tsammanin ciniki nake yi. Da ya gaji ya ce bai taɓa ganin wanda ya riƙe mataccen batir kamar gadon uba ba, ya hau babur ya tafi. Har yanzu ban sani ba ko na kyauta, domin na wasu yana can yana fasawa.

A ƙarshe na sa batirin da buhunan a cikin tsohon rumbunmu da ba komai a ciki, na ɗora batirin a kan fasasshen turmi, na liƙe bakin rumbun da laka. Na yi sabon daɓe da ƙasar da na ɗebo daga nesa da gari. Mai sola ya zo ya haɗa fankar Inna kai tsaye da farantin, saboda haka tana juyawa in akwai rana, in gajimare ya gitta ta tsaya. Fitilu kuwa mun koma tocila. Inna ta ce hakan ya ishe ta, amma na ga ƙurajen sun fara dawowa.

Yarinyar tana wasanta, tana cin abinci. Sai dai waɗancan yaran ma suna wasansu kafin abin ya bayyana. In ta yi kuka fiye da yadda ta saba, sai in tsaya ina duban idonta. Uwarta ta ce ni zan sa mata ciwo da kallo. Rumbun kuma jinkarsa ta tsufa. In ruwa ya sauka zai shiga, ya bi ta ƙasa ya fito tsakar gida. Ko bai shiga ba, ban sani ba ko zan iya sake zuba dawa a ciki.

Saboda haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma yana da sani, likita ne ko mai aikin sola, ya taimaka da bayani ta hanyar da wannan rubutu ya iso gare shi. Shin ruwan da ke zubowa daga batir yana ɗauke da gubar dalma, ko kuwa ƙasa kawai na kankare a banza? Har yanzu ana gwada jinin yara a Anka kamar yadda aka yi a da, kuma za su karɓi yarinyar da ba ta nuna alamar ciwo ba? Sannan ina ake kai mataccen batir a ƙasar Gummi, Anka ko Bukkuyum, inda ba za a fasa shi kusa da yara ba? In akwai wurin, ko da nisa, zan ɗaure shi a babur in kai da kaina kafin ruwan farko.